Tukkun Abarshi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba hannu ƙarfi, ya ba ido gani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku samarin da kuka buɗe rumfunan aski a Magariya, da injinku da madubinku da kujera mai juyawa, an gaya mini ɗayanku ya ce wanzanci abin koyo ne a wata guda. Ban ji haushi ba. In sauke gashi kawai yake nufi, wataƙila bai yi ƙarya ba. Amma ku ba ni aron kunnenku in ba ku labarin wani kai da na gada tare da zabira, a zamanin Nasara, sa'an nan kowa ya sake tunani.

Kai na farko da na aske ba na mutum ba ne, duma ne. Baffa Tanko, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni a ƙauyenmu da ke gabas da Bande bayan mahaifina ya rasu. In na dawo daga karatun allo da hantsi, sai in tarar ya shafe duma da laka ya shanya ta bushe. Ya miƙo mini aska ya ce in kankare lakar ba tare da na taɓa jikin duman ba. In na gama ya ɗaga shi sama ya juya a rana. Da ya hango zane ko ɗaya sai ya ce, "Inna lillahi, ka yanka maigari. Ɗauko wani." Na yanka maigari har duman gidanmu ya kusa ƙarewa kafin ya bar ni in taɓa ƙeyar wani tsoho wanda ba ya gani sosai.

Zabirarsa ta jar fata ce, ɗinkin dukawan Damagaram. A ciki akwai asake, da ƴar tsaga, da ƙahonin da muke tsotse mataccen jini da su, da almakashi, da dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa, da guntun fatar da ake goge aska a kai. Akwai kuma wata aska ita kaɗai a aljihun gefe, an ɗaura mata jan zare a ƙota. Wannan ta masu makero ce, ciwon nan da ke cin gashi zagaye-zagaye ya bar fata fari-fari tana ɓarewa. Baffa ba ya haɗa ta da sauran, kuma in ya yi aiki da ita sai ta sha tafasasshen ruwa da toka. Dokokinsa ba su da yawa. Wadda ya fi nanatawa ita ce ba a yin tsaga a kan fatar da makero ya kama.

A wancan lokaci kowane gida da wanzaminsa. Mu ke yin askin suna, mu ke yin kaciya, mu ke yin ƙaho in jiki ya yi nauyi, mu ke gyara wa ango fuska. Ba a biyanmu ranar aiki. Sai kaka ta yi, kowane gida ya aiko da damin gero gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Saboda haka wanzami ya san kan kowa a gidajensa, ya san mai ƙari a ƙeya, ya san mai tsoron aska da ke yin kamar barci yake.

A cikin gidajen nan akwai na Inna Delu. Matar nan ta yi ta haihuwa tana binnewa, ba wanda ya kai yaye. Da ta haifi namiji na ƙarshe aka kira shi Abarshi, kamar yadda ake kiran irin waɗannan ƴaƴa. Ranar suna, Baffa ya ɗauki aska ke nan sai ta aiko daga ɗaka cewa a bar masa tukku a tsakiyar kai. Ta yi alkawari ba za a sauke shi ba sai ranar aurensa, kuma a tafin hannunta za a zuba gashin. Baffa ya karɓa. Malamanmu ba sa son askin da ake barin wani sashe, ni ma na karanta haka, na kuma taɓa faɗa wa Baffa. Ya ce, "Gaskiya malam ya faɗa. Amma je ka faɗa wa Delu da bakinka." Ban je ba.

Haka Abarshi ya girma, ana aske masa kai ana kewaye tukkun. Ya zama ƙato, manomi na gaske, tukkun ya yi kauri yana kitse shi kamar igiyar guga ya cusa cikin hula. Da ciwon ajali ya kama Baffa, ya sa aka ɗauko zabira ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Gidajen ka san su. Abu ɗaya zan ƙara maka. Tukkun Abarshi ni na bar shi, kai za ka sauke shi. Kada ya faɗi a hannun wani." Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Sai muguwar shekara ta zo. Fara ta sauka gero yana cikin fitar da kai, ta bar kara tsirara. A kakar nan ba damin da ya shigo gidana, ban kuwa tambaya ba, don na ga rumbunan da idona. Na ci gaba da zagaya gidaje da zabira kamar kullum, wani ya ba ni wake kaɗan, wani ya ba ni addu'a. An riga an sa auren Abarshi da Dije, ƴar Malam Sale na Bande, a wannan kaka. Da abin ya zama haka aka ɗaga shi zuwa kaka mai zuwa. Ana cikin wannan kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya aiko gardi, wato dogaransa, a ba da mutane aikin dole na hanya. Maigari ya duba masu ƙarfi, Abarshi na cikinsu. Ya tafi ya yi rani yana ɗaukar kwandon tsakuwa a ka.

Ranar da ya dawo gare ni aski, da bazara, ya ja ni bayan zana inda ba kowa kafin ya cire hula. Tukkun da na sani kamar igiyar guga ya koma kamar wutsiyar ɓera. Gammo ya cinye gefe ɗaya, makero kuma ya zagaye gindinsa.

Na ce, "Wa ya yi maka aski a can?"

Ya ce, "Wani mutum ne. Aska ɗaya gare shi, mu kuwa layi muke yi."

"Inna ta gani?"

"Da hula nake kwana, Wanzam. In ta gani ba za ta ƙara cin abinci ba. Ka riƙe mini shi ya kai kaka, ko sili goma ne."

Na ɗauko mai jan zare na aske gefe, na wanke da sabulun salo, na shafa man kaɗanya da garin da Baffa ya koya mini. Na ce masa makero ba ya jin gaggawa, sai haƙuri. Ya ce to. Amma ga kaka tana tafe, kullum kuma yana ganin gashi a cikin hula.

Bai jima ba ya sayar da ɗan akuyarsa ya tafi Magariya, wani kanti na ƴan awon gyaɗa. Ya dawo da ƴar kwalba koriya, an manna mata hoton wani Nasara mai suma tana sheƙi kamar gezar doki. Akawun kantin ya ce masa maganin zubewar gashi ne, a wanke kai a shafa safe da yamma, a kuma yi haƙuri na watanni. Na ɗiga kaɗan a tafin hannuna. Ya yi sanyi, ya yi ƙamshi kamar turare, nan da nan ya ɓace. Amma inda yatsana ya ɗan tsage sai na ji kamar an sa barkono.

Abarshi ya ce, "Yi mini tsaga ka zuba, Wanzam."

Kada ku ɗauka wauta ya yi. A wurinmu maganin da aka shafa a sama kawai kwalliya ake ɗaukarsa. Na gaske shi ne wanda wanzami ya yi ƴan tsage-tsage ya murza shi ciki, ko na ciwon kai ne, ko na gwiwa, ko na saifa. Ni kaina ba mako da ba na yi. Abin da ya tsayar da hannuna dokar Baffa ce, da zafin nan da na ji a yatsa.

Na ce, "Mai kwalbar ya ce a shafa, to mu shafa. Kai mai makero ba na tsaga shi."

Ya ce, "Akuya guda fa na ba da."

Na ce, "Ko raƙumi ka ba da."

Ya yi dariya ya mayar da hularsa. Ya yi ta shafawa har ruwa ya sauka aka yi shuka, bai ga sili ɗaya ya tsiro ba. Ran nan ya ci kasuwar Waca don sayen ruwan hauya, ya tarar da wani wanzami baƙo, irin masu bin kasuwanni, ya nuna masa. Mutumin ya ce, "In ba a tsaga ba ta ina zai shiga?" Ya zagaye gindin tukkun da tsaga, ya juye abin da ya rage a kwalbar, ya naɗe kan da tsumma, ya ce kada a kwance sai mako ya zagayo. Ban san sunansa ba, kuma ban riƙe shi da mugunta ba. Abin da ya gada ya yi, ba a dai gaya masa inda ake tsayawa ba.

Wata safiya ina wasa aska a ƙofar gida sai ga Inna Delu da kanta, ita da ba ta taɓa zuwa ba sai aike. Ta ce, "Wanzam, taso ka ga ɗan'uwanka."

Tun daga bakin ɗaki na ji wari. Abarshi na kwance jiki kamar garwashi, kai ya kumbura har idanu sun shige. Tsumman ya manne, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi na yi ta lallaɓawa kafin ya saki. Duk tsagar ta ruɓa, mugunya ta taru a ƙarƙashin tukkun, gashin ya dunƙule ya rufe ta. Na wanke ta gefe iya iyawata, ruwan ba ya kaiwa inda ciwon yake. Akwai lokotoro, likitan Nasara, a Magariya, amma ruwa ya yanke hanya, mutumin kuma ba zai iya zama kan jaki ba. Ko an kai shi ma, abin da lokotoron zai fara yi shi ne abin da ni nake gudun faɗa.

Na fito na durƙusa gabanta na ce, "Inna, sai an sauke tukkun nan."

Ta ce, "Ban ji ba."

"Ciwon yana ƙarƙashinsa. In ban buɗe na wanke ba, zai gangara."

"Baffanka ya yi mini alkawari."

"Ya yi, Inna, ni kuma na gaje shi."

"To, ka san amsarka." Ta gyara zama ta dubi ƙofar ɗakin. "Duk waɗanda na binne, da kai a aske aka kai su. Wannan kaɗai aka bar wa, shi kaɗai ya tsaya."

Ban ce mata gashi ba ya riƙe rai ba. Ta fi ni sani, ta fi ni yawan salla. Na kuma san in na sa aska ba da izininta ba, ko ya tashi ko bai tashi ba, na kashe matar nan. Na zauna na ɗauko dutse na ci gaba da wasa askar da ba ta bukatar wasawa. A ɗaka Abarshi na ta sambatu yana kiran mutanen da suka yi aikin hanya tare. Ta daɗe tana saurarensa. Can ta ce, "Ranar aurensa na ce."

Na ce, "Haka kika ce."

Ta ce, "In aka ɗaura yau fa?"

Na ajiye dutsen. Ta miƙe ta shiga garke ta kwanto tunkiyarta, ita ke nan gare ta bayan fara, ta ce sadaki ne. Ta aika aka kira ƙanen mijinta marigayi, don shi ne waliyyi. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma me kake jira? Hau jakinka."

Ni da waliyyin muka ja tunkiyar, muka tarar da Malam Sale a gona yana noman fari. Muka gaisa har ƙasa, na faɗa masa abin da ke tafe da mu ban rage komai ba. Ya jingina da hauyarsa ya ce, "Wanzam, rumbuna ba ko zangarniya. Ba gado, ba tasa, ba tuwon da zan ba baƙi. Mutanen Bande su ce na yar da ƴata?"

Na ce, "Ɗaurawa kawai, Malam. Biki da tarewa suna nan a kaka yadda aka sa."

"Wannan mai sauƙi ne. In ya mutu fa? In sa yarinya takaba ba ta ko ga ɗakinta ba?"

Na ce, "Ba ni da alkawarin rai, na Allah ne. Abin da na sani, in ba a aske yau ba, gobe aikin ya fi ƙarfina."

Ya dubi tunkiyar tana cin ciyawar kunya. Sa'an nan ya ce wannan ba abin da zai yanke shi kaɗai ba ne, sai an ji ta bakin mai takabar. Muka bi shi gida, ya tura gwaggon yarinyar ciki, mu muna zaure. Ba ta daɗe ba ta fito tana rufe baki da mayafi.

Malam Sale ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce a ɗaura. In ma takabar ce, ta ce gara tasa."

"To mene ne na dariya?"

"Ta ce a gaya wa Wanzam ya aske da kyau, dama can ba ta son wannan abu kamar na zakara."

Bayan azahar aka ɗaura a zauren nan. Liman, da ƴan dattawan da aka tsamo daga gonaki da laka a ƙafafunsu, da goro ɗan kaɗan da aka yi ta rabawa gida biyu don ya isa. Na halarci ɗaurin aure da yawa kafin nan da bayan nan, da makaɗa da dawaki, ban ga wanda aka shafa fatiharsa da sauri kamar wannan ba. Ana shafawa na kwance jaki.

Da sauran rana na iso. Wata maƙwabciya da ta ji labari ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Abarshi ya motsa ya ce, "Wanzam, wa aka yi wa aure?"

Na ce, "Kai ne, ango. Tsaya in yi maka gyaran biki."

Aske kai mai kumburi ba irin askin da kuka sani ba ne. Ba a jan fata, ba a danna ta. Na sa aka fito da shi haske aka tallafe shi. Na tafasa mai jan zare, na fara da almakashi, na yanke tukkun daga gindi. Inna Delu tana durƙushe ta haɗa tafin hannuwanta biyu, na zuba mata kamar yadda aka yi alkawari tun ina ƙaramin yaro. Bai ko cika tafi ɗaya ba. Ta rufe hannun ta shiga ɗakinta, ba ta tsaya ganin sauran ba. Sa'an nan na bi da aska a kwance, kaɗan-kaɗan, ina jiƙawa ina ɗagawa, har wurin ya buɗe mugunyar ta samu hanya. Na wanke da ruwan bagaruwa da aka dafa, na bar shi a buɗe ya sha iska. Kullum safe na zo na wanke. Zazzaɓin ya yi ta sauka, idanu suka fito, ran nan na tarar da shi zaune yana faɗa a kan an dama masa kunu da ruwa-ruwa. Ni wanki na yi, Allah ne ya warkar.

Gashi ya dawo kafin a yanke gero, in ban da wani wuri kamar faɗin babban yatsa a tsakiyar kai, inda tabo ya zauna. Kakar ta yi kyau, aka yi biki, Dije ta tare. Gidajena suka aiko da dammunan gero har rumbuna ya kasa ɗauka, wasu suka haɗa da na bara ba wanda ya tuna musu. Abarshi ya ɗauko nasa a ka har ƙofata. Na ce, "Sauke, sauke, kada ka cinye mini aikina."

Kwalbar kuwa ban zage ta ba, ba ta yi wa kowa ƙarya ba. An ce a shafa a kan fata lafiyayya a jira, mu muka kai ta inda ba a aike ta ba. Daga baya mutane da yawa sun kawo mini irinta, masu sanƙo da waɗanda gashinsu ya zube bayan jinya. Nakan ce su wanke kai, su shafa yadda mai ita ya ce, su yi haƙuri, in kuwa akwai ƙurji ko makero su fara ganin lokotoro. Wasu sun ce sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Ita waccan koriyar tana cikin zabirata har yau, man da nake shafa wa asake don tsatsa nake zubawa a ciki. Sana'ar nan ta ciyar da ni, ta aurar da ƴaƴana, ta shigar da ni gidajen mutane ranar farin cikinsu da ranar tsoronsu, ba a taɓa rufe mini ƙofa ba. Na gode wa Allah, na gode wa Baffa Tanko.

Da shekara ta zagayo Dije ta haifi namiji. Ranar suna da hantsi aka miƙo mini jaririn a cikin zane, na ɗora shi a cinya, na jiƙa kansa da ruwan ɗumi. Abarshi na tsaye a gefe da tabonsa a waje, ya daina ɓoye shi. Na zaro aska, amma ban sa ba. Na juya wajen ɗakin da mata suke, na ɗaga murya na ce, "Inna, a bar masa?"

Sai ga ta ta ɗaga asabari ta leƙo, ta dubi jikan nata, ta dubi ɗanta.

Ta ce, "Aske wa mijin nan nawa duka, Wanzam. Mai riƙe shi yana nan."

Na ce bismillahi, na fara daga tsakiyar kai.